Ina koyon aiki a ofishin ɗan majalisa, amma ban ga abin da nake tsinanawa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri a kimiyyar siyasa, kuma Allah ya sa na samu gurbin sanin makamar aiki na wata shida a ofishin wani ɗan Majalisar Wakilai a Abuja. Yau mako uku ke nan, ban da fotokwafi da kai takarda da zaman jiran oga babu abin da aka ba ni. Ta yaya zan ba da gudummawa ta gaske ba tare da an ce na cika shisshigi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a wannan dama. Na daɗe ina aikin hadimi a wannan gini, masu koyon aiki da dama sun ratsa ta hannuna, don haka ki kwantar da hankalinki, fotokwafin nan ba raini ba ne. Ofishin ɗan majalisa ba a tsara shi don koyar da kowa ba. A takarda kowane ɗan majalisa yana da hadimai 5 da gwamnati ke biya, amma sau da yawa wasunsu mutanen siyasa ne da ke zaune can gida a mazaɓa, sai ki tarar mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da ofishin Abuja gaba ɗaya. Mai irin wannan nauyi ba shi da sukunin zaunar da ke ya tsara miki aiki. Zai miƙo miki abin da ko kin ɓata ba a yi asara ba, ya zuba ido ya ga kamun ludayinki.

Masu ra'ayi sun yi yawa a majalisa, 'yan rakiya ma haka. Mutum biyu ne ke wuyar samu: wanda zai karanta takarda daga shafin farko har na ƙarshe, da wanda zai tuna abin da aka ce za a yi bayan kowa ya manta. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa, hanyar zama waɗannan biyun ce.

Da farko ki san wa kike yi wa aiki. Honorabul ne mai ofis, amma babban hadiminsa ne shugabanki na yau da kullum. Duk abin da kika rubuta ya bi ta hannunsa. Ranar da kika tsallake shi kika miƙa wa oga takarda a mota don a san da ke, kin rufe wa kanki ƙofa, ko da takardar ta yi kyau. Ki girmama sakatare da masinja da direba, domin su ne suka san inda oga yake da irin yanayin da ya tashi da shi. Sannan ki nemi sanin akawun kwamitocin da ogan yake ciki. Su ma'aikatan dindindin ne, 'yan majalisa na zuwa suna tafiya su suna nan, kuma abin da ke cikin kansu babu shi a littafin da kika karanta a jami'a.

Majalisa na zama a zaure ranakun Talata da Laraba da Alhamis. Kowace ranar zama akwai takardar ajanda da ke jera abin da za a tattauna. Ga aikin farko da za ki ɗaukar wa kanki ba sai an sa ki ba: ki samo wannan takarda da zarar ta fito, ki duba wane abu ne a ciki ya taɓa mazaɓar oga, ko jiharsa, ko kwamitin da yake ciki, ki rubuta bayaninsa a shafi ɗaya. Shafi ɗaya tak. Mutumin da ke fitowa daga ganawa yana tafiya zaure, ana tare shi a baranda, waya na ƙara a aljihu, ba zai karanta shafi huɗu ba.

Bari in nuna miki yadda shafin zai kasance. A ce akwai ƙudirin dokar kafa wata sabuwar hukuma da za a yi wa karatu na biyu. Layi biyu na farko su faɗi abin da ƙudirin ke son yi da wanda ya kawo shi. Daga nan sai tambayar da yawancin masu koyon aiki ba sa yi: shin Majalisar Tarayya na da hurumin yin doka a kan wannan batu? Amsar na cikin Jadawali na Biyu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka ware abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, kamar tsaro da kuɗin ƙasa da shige da fice, da kuma waɗanda ita da jihohi duka ke da iko a kansu. Ki tabbata kwafin da ke hannunki na baya-bayan nan ne, domin gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, ya kuma faɗaɗa ikonsu a kan lantarki. Mai riƙe da tsohon kwafi zai sa ogansa ya yi magana a zaure a gyara masa. Bayan hurumi, ki duba ko akwai wata hukuma da ta riga tana wannan aiki, domin ita ce sukar farko da za a yi wa ƙudirin. Sai abin da zai ci na kuɗi da inda kuɗin zai fito. Layin ƙarshe kuma, me wannan ke nufi ga mutanen da suka zaɓi oga. Kowace lamba da kika sa, ki rubuta inda kika samo ta a gefe, ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce, ko rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, ko kasafin bara. Lambar da ba ki iya gano asalinta ba ki cire ta, komai daɗinta. Abin da ɗan majalisa ya faɗa a zaure yana shiga kundin muhawara, 'yan jarida na zaune a sama suna ji, kuma idan ya kunyata sau ɗaya saboda takardarki, ba zai sake karanta ta biyu ba.

Ki ajiye wannan shafi a teburin babban hadimi ki ce, "Yallaɓai, ga ɗan abin da na tsakuro daga ajandar yau, ko zai yi amfani." Wataƙila makon farko ba wanda zai ce miki komai. Ki ci gaba. Ranar da kika makara aka tambaya ina takardar nan take, kin samu gurbi.

Kada ki auna kanki da cewa sai kin ga wata doka ta fito da hannunki a ciki. Ƙudiri sai ya wuce karatu na ɗaya, da na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, ya je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a dawo da rahoto a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, sannan ya tsallaka ɗaya zauren ya sake bin wannan hanya. Idan wakilai 360 da sanatoci 109 sun daidaita a kan rubutu ɗaya, sai a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure sun sake amincewa, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a shekarar 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Dalta, kuma irin haka ba kasafai ake gani ba. Dokar masana'antar man fetur an fara kai ta majalisa a 2008, ba ta zama doka ba sai Agustan 2021. Ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare, faɗuwa yake yi a sake daga farko. Wata shida naki ɗan gutsure ne a wannan doguwar tafiya. Abin da za ki iya yi a ciki shi ne ki buɗe jadawali a kwamfuta na duk ƙudirorin da oga ya gabatar: lambar kowanne, matakin da ya kai, kwamitin da yake hannunsa, ranar da aka yi motsi na ƙarshe a kansa, da wanda ya kamata a tuntuɓa. Za ki yi mamakin ofisoshi nawa ne ba su da wannan. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wadda ta sauko da shekarun shiga Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, matasa ne suka yi ta bibiyarta daga zaure zuwa zaure, har majalisun jihohi, suna riƙe da lissafin wa ya amince wa bai amince ba. Irin wannan naci ne ke motsa takarda.

Inda za a fi saurin ba ki alƙalami shi ne ƙudirin jan hankali, wanda ake karantawa a yi muhawara a yanke matsaya a zama ɗaya: ambaliya ta ci gari, gada ta karye, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka. Oga zai ce a rubuto masa kafin gobe. A nan ki guji cika shi da kalmomin alhini. Ki kira mutanen ofishin mazaɓa ki samo sunayen ƙauyukan daidai, da ranar da abin ya faru, da adadin gidaje ko rayuka, da kuma bakin wanda adadin ya fito. Sannan ki tabbata an kira hukumar da abin ya rataya a wuyanta. Hanyar tarayya ce ko ta jiha? In ta tarayya ce, gyaran ramuka na hukumar gyaran hanyoyin tarayya ne, wato FERMA, sake gini na Ma'aikatar Ayyuka. Agajin gaggawa na NEMA ne tare da takwararta ta jiha. Ki sani kuma matsayar da zaure ya yanke a irin wannan ba doka ba ce, ba ta tilasta wa kowa. Yawanci a nan maganar ke mutuwa: an karanta, an buga guduma, an sa a Facebook, shi ke nan. Ke ce za ki je ki samo kwafin matsayar daga takardar bayanan zaman ranar, ki tsara wasiƙar da oga zai sa wa hannu zuwa hukumar, ki kai da kanki a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, bayan mako biyu ki tuna wa babban hadimi cewa ba a amsa ba.

Yanzu ga ɓangaren da ni na fi ɗauka da nauyi, wato mutanen mazaɓa. A kowane ofis akwai wata durowa ko kwali cike da ambulan: neman aiki, kuɗin makaranta, takardar asibiti, ƙorafin fili, gayyatar ɗaurin aure. Da wuya ki samu wanda ya jera su. Ki nemi izini ki jera. Ki buɗe rajista: suna, ƙaramar hukuma, ranar da takarda ta zo, abin da ake nema, abin da aka yi, abin da ya rage.

Wata rana wani dattijo ya zo mana daga gida, ya kwana a mota. Ya zaro wata leda baƙa daga aljihun babbar riga, ya kwance ta a hankali, a ciki akwai takardar ɗaukarsa aiki da ta yi ruwan ƙasa, an naɗe ta har ta tsage a kan lanƙwasa, da takardar ritaya, da wani ɗan littafin banki. An daina biyansa fansho, ya yi ta yawo ofis-ofis ana cewa ya dawo. Abin da ya roƙa shi ne Honorabul ya yi masa magana. Wata yarinya mai koyon aiki, sa'arki, ita ta zauna da shi ta ba shi ruwa, ta karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa ranar haihuwar da ke takarda ɗaya ta saɓa da ta ɗayar, kuma duk yawon da ya yi, a ofishin da ba shi da alaƙa da irin fanshonsa yake yi. Wannan sani ne da ya kamata ki mallaka tun yanzu: tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari suna ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan irin wannan fansho, masu tsarin adashi da aka fara a 2004 suna hannun kamfanonin fansho da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke sa wa ido, sojoji na da hukumarsu daban, ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma kuma maganarsa a jiha take, ba a Abuja ba. Yarinyar nan ta rubuta masa abin da zai gyara da inda zai kai, ta tsara wasiƙar rakiya oga ya sa hannu. Ba ta ba shi ko sisi ba, amma ta hana shi sake ɓata kuɗin mota a banza.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai da ƙarfi: kada ki yi alkawari da sunan oga. Kada ki ce "an gama", kada ki ce "za a ba ka aiki". Ki ce, "Baba, na karɓa, na rubuta, zan kai gaba, kuma zan kira ka ranar kaza in faɗa maka inda aka kwana." Ranar ta zo ki kira, ko da amsar babu ce. Mutanenmu na iya haƙura da babu. Shirun da ake musu ne ke cin ransu, shi ne kuma ke fitowa ranar zaɓe. Idan ƙorafin na zalunci ne daga wata hukumar tarayya, kamar kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, akwai hanyar da mutane da yawa ba su sani ba: ɗan majalisa zai iya gabatar da koken a zaure a miƙa shi ga kwamitin koke-koken jama'a, wanda ke da ikon gayyato ɓangarorin biyu, muddin maganar ba ta gaban kotu.

Idan zamanki ya riski lokacin kasafin kuɗi, kin yi sa'a. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya na wallafa kundin a shafinsa na intanet, dubban shafuka ne, amma kwamfuta na iya lalubo suna. Ki sa sunayen ƙananan hukumomin mazaɓarku da manyan garuruwanta, ki fitar da duk aikin da aka ambata, da ma'aikatar da aka ɗora shi a kanta, da kuɗin da aka ware. Kada ki tsaya a ma'aikatar da kike zato, domin ayyukan mazaɓu, waɗanda a shekarun baya aka saba ware musu naira biliyan 100 a shekara, akan saka su a ƙarƙashin hukumomin da ba ruwansu da irin aikin, ki ga fitilun titi a kasafin wata kwalejin noma. Sannan ki riƙe bambanci tsakanin abu uku: an sa a kasafi, an saki kuɗi, an yi aiki. Tsakanin na farko da na uku rijiyoyin burtsatse da yawa suka ɓace. Hukumar ICPC na bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, ƙungiyar BudgIT ma na yi ta shirinta na Tracka, don haka ofishin da ya san halin da ayyukansa ke ciki kafin a zo tambaya, kansa ya yi wa gata.

A zaman kwamiti, ko na jin ra'ayin jama'a ko na kare kasafi, ki zauna a baya da littafinki. Sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulki ne suka ba majalisa ikon bincike da gayyatar jami'ai, kuma a nan ake jin shugaban hukuma yana cewa zai kawo takarda kaza nan da mako guda. Ki rubuta wa ya faɗa, me ya faɗa, yaushe. Bayan wata uku idan ya dawo, ke kaɗai ce za ki iya tuna wa oga.

Kina da wani jari da wataƙila ba ki lissafa shi ba, Hausarki. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Turanci, da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin hakan, amma har yau Turanci ne ke aiki a zaure. Mutanen da suka zaɓi ogan naki kuwa a rediyo suke jin labarinsa. Idan kika iya ɗaukar ƙudiri mai shafi ashirin kika mayar da shi bayanin minti biyu da manomi zai gane, ba tare da kin ƙara gishiri ko kin yi alkawarin abin da dokar ba ta ce ba, kin yi abin da lauyoyin ofis da yawa ba za su iya ba.

Sai maganar amana, kuma ba zan sassauta ta ba. Za ki ji hirar siyasa, ki ga takardun asibitin mutane da lambobin wayarsu. Ba na WhatsApp ba ne, ba na hirar gida ba ne. Kada ki ɗauki hoton takardar ofis, kada ki wallafa ra'ayinki kan abin da ke gaban kwamitin oga alhali kina ciki. Wani zai tare ki a baranda ya ce ki sa takardarsa a sama, ga na shan ruwa. Kada ki karɓa, domin daga ranar kin zama tasa. Kuma kasancewarki mace a wuri mai cike da masu iko da kuɗi, ki tsaya a kan lokutan aiki da wuraren aiki. Duk wanda ya ce ki kawo masa fayil masauki da dare, ki ce za ki bar shi a ofis da safe, ki kuma sanar da babban hadimi ko waɗanda suka turo ki. Babu takardar shaidar da ta kai mutuncinki.

Idan dogon hutun majalisa, wanda kan fara a ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya faɗo cikin watanninki, kada ki ɗauka zaman banza ne. Lokacin jera kwalin nan ne, da karanta littafin ƙa'idojin zaman majalisa, da leƙa abubuwan da cibiyar nazarin dokoki ta NILDS da ƙungiyar PLAC ke wallafawa kan ƙudirori. In da hali ki roƙi a bar ki ki yi mako guda a ofishin mazaɓa, zuwa da kai ya fi aike.

Saura wata guda ki gama, ki fara rubuta takardar miƙa aiki: ga rajistar koke-koke da waɗanda ba a rufe ba, ga jadawalin ƙudirori, ga wasiƙun da ake jiran amsarsu da ranar da aka kai kowacce. Ki zauna da wanda zai gaje ki ki nuna masa. A lokacin ne kuma za ki nemi takardar shaida, tun kina gabansu, kada ki bari sai kin tafi kina bugo waya. Ki roƙi babban hadimi a ambaci ayyukan da kika yi ɗaya-ɗaya da sunansu, domin "ta kasance mai ƙwazo da ladabi" kowa ake rubuta wa. In ya ce ki tsaro daftarin da kanki ya duba, ki tsaro, ki faɗi abin da kika yi daidai yadda yake.